Yadda Za Ka Yi Wa Shahon Kurmi Tafi Alhali Makullin Famfo Yana Aljihunka

Wannan jagora ce ga duk mai gidan haya da yake son ya kalli shirin Shahon Kurmi hankali kwance, ya yi wa ɗan fashin da ke ƙwace na azzalumai yana ba talakawa tafi har hannunsa ya yi ja, sannan ya tashi ya je ya duba ko kwaɗon famfonsa yana nan daram. Ka bi matakan nan yadda suka zo, ina ba ka tabbacin za ka gama shirin kaf ba ka taɓa hango fuskarka a cikin akwatin ba. An gwada, ya yi aiki. A kan Baba mai gidan hayar bayan tasha aka gwada, shi ya sa da shi za mu riƙa misali.

In ba ka san shirin ba, sha kuruminka. Shaho ɗan fashi ne na zamanin takobi da kwari da baka. Ya shige kurmi da abokansa tun ranar da Mai Ganuwa, ubangidan ƙasar, ya kulle rumbunan hatsi ya bar jama'a da yunwa. Duk Asabar da yamma sai Shaho ya san dabarar da ya yi ya buɗe rumbu guda. Shi ke nan labarin, kuma ya ishe ka.

Mataki na 1: Ka mallaki talabijin mafi girma a gidan

Ba a kallon jarumi a waya. Ka sayi wadda ta kusa cike bango, ka jera kujeru, ka bar ƙofar falo a buɗe.

Baba ya yi haka. Tsohon mai kula da sito ne a wani kamfanin kayan gini, ya yi ritaya da ciwon gwiwa da son makulli. 'Ya'yansa sun yi aure sun watse, in sun kira waya ma da matarsa, Mama, suke hira, shi sai dai a ce a gaishe shi. Sauran kwanakin mako falonsa ba abin da ke motsi sai agogon bango. Amma ranar Asabar 'yan hayarsa suke hallara: Tela zai rufe keken ɗinkinsa ya shigo, Direba ya shigo da warin man mota, Nas ta shigo da idanun rashin barci, matan gidan su cika tabarma. Wannan cikar falon ita ce kaɗai abin da ya rage masa a duniya, kuma ya san haka, ko da yake da a kama shi yana faɗar haka gara a cire masa haƙori. Tun Juma'a yake goge gilashin talabijin da gefen rigarsa.

Mataki na 2: Ka kulle ruwa, amma da hujja

Azzalumi shi ne wanda ya hana ba dalili. Kai kana da dalili, don haka kai mai tsari ne.

Tankin gidan a tsakar gida yake, famfo ɗaya gare shi. Baba ya sa maƙeri ya ƙera wa famfon akwatin ƙarfe, ya ɗana kwaɗo. Da sassafe yake buɗewa, ya tsaya a kai yana kallon kowane bokiti kamar da jininsa ake cika shi, kafin rana ta ɗaga ya rufe. Hujjarsa ita ce 'yan haya ba su san darajar ruwa ba, ya taɓa ganin an bar famfo yana ɗiga. Shekarar da aka yi hakan ba wanda ya tuna sai shi.

Nas aikin dare take yi a asibiti. Kafin ta sauka daga mota ta iso gida an rufe. A ɗakinta akwai mahaifiyarta da ba ta iya tashi, wadda kullum sai an wanke mata zanin gado. Ta taɓa tarar da Baba a bakin tanki ta rusuna.

"Baba, don Allah ko bokiti biyu. Tsohuwa ta ɓata shimfiɗa."

"'Yata, ba ni na hana ki ba, doka ce. In na buɗe miki yau, gobe Direba ya ce zai wanke mota."

Ka lura da gwanintar. Shi ya kafa dokar, shi ne kuma yake jimamin tsananinta. Ka koyi wannan fuskar a madubi.

Mataki na 3: Ka zaɓi ɓangarenka tun kafin a fara kiɗan shirin

Kai ne Shaho. Kada ka bari wani ya riga ka.

Da an nuno Mai Ganuwa yana tafe da tarin makullai a ƙugu suna kacau-kacau, Baba yake fara tsaki. In an nuno wata tsohuwa ta durƙusa a ƙofar rumbu da ƙwarya ana korarta, sai ya buga hannun kujera.

"Kai, wannan mutum ba shi da imani! Hatsin nan da shi za a binne ka?"

"Wallahi kuwa, Baba," in ji Tela, idonsa a ƙasa.

"Da a zamanina ne, da ni zan fara shiga kurmin nan. Ni ba na ganin zalunci in yi shiru. Ku tambayi Mamanku."

Mama takan ce, "Haka ne," ta ci gaba da ninke tsumma.

Hikima ta gefe: mutum ba ya gane kansa a talabijin matuƙar wanda aka nuno ya fi shi gemu.

Mataki na 4: Ka rataye makullanka

Jarumi ba ya kallo a takure. Kujerar Baba mai hannu ce, ta matse tun da tumbi ya zo, in ya zauna da makullai a aljihu sai su riƙa sukar cinyarsa. Don haka da an fara kiɗa yake zaro su ya rataye a ƙusar bayan ƙofa. Duk mako wannan ne kaɗai lokacin da suke rabuwa da jikinsa, har wanka da su yake shiga.

Kai ma ka yi haka. Ƙusar tana bayanka, baƙinka mutanen kirki ne, matarka kuma ka aure ta tun ba ta san kan gari ba. Me zai faru?

Mataki na 5: Kada ka waiwaya

Wannan shi ne ginshiƙin jagorar baki ɗaya. Idonka a kan Shaho.

In Mama ta miƙe ta ce bari ta ɗora shayi, ta wuce ta bayan ƙofa da faranti a hannu, kada ka tambayi abin da faranti yake yi kusa da ƙusa. In Direba ya ce, "Baba, a ɗan ƙara murya, kunnena ya toshe da ƙarar inji," ka ƙara masa har gilashin taga ya riƙa rawa, ai taimakon talaka ne. In Nas ta ce za ta leƙa tsohuwa, ka yaba mata biyayya. In matan tabarma suna ficewa ɗaya bayan ɗaya suna dawowa da bakin zani a jiƙe, ka ɗauka zufa ce.

Tela shi ne mai zama kusa da Baba, ba ya motsawa. Aikinsa tambaya.

"Baba, wai ya aka yi Mai Ganuwa bai taɓa ganewa ba? Kullum a ƙarƙashin hancinsa ake kwashewa."

Baba yakan yi dariya har ya share hawaye. "Wawa ne! Kai ba ka gani ba? Su shirya masa makaɗa da 'yan rawa, ya baje yana washe baki, su kuwa suna can suna ɗiba. Mai iko in ya samu masu yi masa dariya, shi ke nan an gama da shi."

"Allah ya ƙara basira, Baba."

Shayin Mama yakan daɗe bai iso ba, in ya iso kuma ya huce. Baba bai taɓa ƙorafi ba. Cikin hayaniyar nan, ana kiran sunansa ta ko'ina, ana neman ra'ayinsa kan ko Shaho zai tsira daga rataya, yakan ji shi mutum ne da ake so. Haka aka ci watanni, zanin gadon tsohuwa yana shanye fes a igiya duk Lahadi, shi kuwa yana mamakin yadda Nas ta iya tattali.

Mataki na 6: In an ɗauke wuta, ka toshe kunne

A nan Baba ya yi kuskure, kai kada ka yi.

Wata Asabar Shaho yana rataye a jikin ganuwa, igiya tana tsinkewa zare-zare, sai wuta ta ɗauke. Falo ya yi tsit. Cikin shirun nan wata ƙara ta taso daga tsakar gida, ƙarar da tsohon mai sito zai gane ko a kabari: ruwa yana zuba shaa a bokitin ƙarfe.

Direba ya fara tari. Tela ya ce, "Baba, kana ganin igiyar nan za ta riƙe shi?" Baba ya waiwaya, abin da muka ce kada a yi. Ƙusa tana nan, makullai ba sa nan. Tabarma rabinta babu kowa.

Ya fita ko takalmi bai sa ba. Akwatin famfo a wangale, bokitai da jarkoki sun yi layi har bakin zaure. Nas tana ɗauke da ɗaya a ka, ta tsaya cak ruwa yana gangaro mata a wuya. Wadda ke riƙe da kan famfo, makullai a ɗaure a bakin mayafinta, Mama ce.

Mataki na 7: Ka yi jawabi

Tunda ka riga ka gani, to ka yi abin da manya suke yi. Ka cika ka batse, ka ɗaga murya yadda maƙwabta za su amfana.

"A gidana? Da ruwana? Ina zaune ina ba ku kujera, ina ba ku kallo, ashe fashi ake yi mini! Wane ne shugaban wannan ta'asa?"

Mama ta rufe famfo a hankali, don ba ta son ɓarna.

"Ni ce, Maigida."

"Ke? Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ga yarinyar nan tana wanke wa uwarta zani da ruwan da ta wanke kwano."

"To wallahi daga yau ko ɗigo! Wanda bai iya bin doka ba, ƙofa a buɗe take. Ni na tara, ni zan raba, lokacin da na ga dama!"

Direba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Kalmomin nan na ƙarshe, harafi da harafi, su ne Mai Ganuwa ya faɗa a ƙofar rumbu makon da ya wuce, Baba kuma ya tofar da yawu da ya ji su. Kowa a tsakar gidan ya tuna, ban da mutum ɗaya. Ka ga amfanin bin matakai.

Baba ya karɓe makullansa, ya sa igiya ya rataya a wuya. Ya sa aka juye bokitan da aka cika a cikin tanki, har da na kan Nas. Ta ɗauki bokitinta fanko ta nufi famfon bakin kasuwa.

Mataki na 8: Ka more nasararka

Ka kama ɓarayi, ka ƙwato haƙƙinka. Saura biki.

Asabar ta zagayo. Baba ya goge gilashi, ya jera kujeru, har ya aika aka sayo biskit, abin da bai taɓa yi ba, don a san shi ba mai riƙo ba ne. Ya buɗe ƙofa. Aka fara kiɗa. Keken Tela bai tsaya ba. Direba ya wuce ta gaban taga ya ce, "Sannu da hutawa, Baba," bai ko rage tafiya ba. Shaho ya kuɓuta daga igiya, ya faɗa kan amalanken ciyawa, ba wanda ya tambayi Baba ko ya aka yi.

Mama ta kawo shayi. Yau da zafinsa ya iso, ko minti bai yi a hanya ba.

"Ina mutanen nan? Ko ba su san an fara ba?"

"Sun sani."

"To me suke jira? Yau ne fa za a shiga babban rumbu."

"Maigida, Tela ba ya son fim ɗin doki, barci yake sa shi. Direba ya gama kallon shirin nan a waya tun bara." Ta ajiye kofi, ta ɗauki gammo. "Bari in taya yarinyar nan ɗauko ruwa, hanyar da nisa."

Ya daɗe yana kallon biskit. Makullan da ke wuyansa sun yi masa nauyi, kaɗaici kuma ya zauna masa a ƙirji yadda bai taɓa yi ba ko a ranakun agogo. Can ya cire igiyar, ya tashi da gwiwarsa mai ciwo, ya rataye makullan a ƙusa, ya tura ƙofar yadda duk mai wucewa zai gan su. Ya koma kujera ya ƙara murya da kansa, har taga ta fara rawa. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya, wuyansa har ya sage.

Da shirin ya ƙare ya juya. Makullai suna nan yadda ya bar su, ba wanda ya taɓa.

Sanarwa

Mai wannan jagora ya yi alkawarin ba za ka ga fuskarka a talabijin ba, bai yi alkawarin za ka samu wanda zai zauna kusa da kai ba. Duk falon da ya zama kango, duk biskit ɗin da ya yi sanyi a faranti, duk matar da ta koma ɗaukar ruwa da tsufanta, ba ruwanmu, kuma ba ma karɓar ƙorafi. Mai neman wanda zai ɗora wa laifi ya kai ƙarar masu wutar lantarki.