Sunan da Na Sa Hajiya Rabi ta Faɗa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na nuna wa ma'aikatan bironmu, wato ofishinmu, sabuwar sarba ba, babbar na'urar nan mai riƙe bayanan kowa. Ƙungiyar manoma ce, babban bironta yana unguwar Zariya a Maraɗi, da reshe a Jiratawa da Tibiri, ni kuma ni ne mai kula da odinatocinta, wato kwamfutocinta. A da kowace na'ura zaman kanta take yi, in ta lalace sai in hau kabu-kabu in bi ta. Sai na ji labarin wani tsari da ake ɗora wa babbar na'ura guda, ta riƙe sunan kowa da takardunsa, kowa ya shiga daga inda yake. Ban taɓa taɓa shi ba (baƙin allo ne da rubutu, ba hoto ko ɗaya), amma na ce wa direktanmu na san shi kamar gidanmu.

Sati biyu ina fama. Da na zo wurin buɗe wa mutane sunayen shiga, lalaci ya kama ni. Na gano ana iya ba shi jerin ma'aikata ya ɗauki sunan farko na kowa da kansa. Na zuba masa, na ga ya gama cikin ƙiftawar ido, na ji kaina ya yi girma. Ban duba ko ɗaya ba.

Hajiya Rabi ce sakatariyarmu, ta kusa haifata, kuma tun zuwana take ce mini ɗanta. Ita ke ajiye mini fura in na makara a Jiratawa. A lokacin ba ta fi sati da dawowa daga takabar mijinta ba, tana ta fargabar sabon tsarin nan zai fi ƙarfinta. Shi ya sa na zaɓe ta, wai in nuna wa kowa abin ba wuya, ita ma hankalinta ya kwanta.

Ranar taro har mutanen Tibiri sun zo. Na miƙa mata 'yar takardar da na'ura ta fitar, na koma gaban allo ina hura hanci. Na ce, "Hajiya, karanta mana sunan shigarki, kowa ya ji."

Ta dubi takardar, ba ta karanta ba. Na ɗauka gilashinta ne ba ta sa ba. Na ce, "Kada ki ji tsoro, Hajiya, ki faɗa da ƙarfi." (Har da 'yar dariya na haɗa, Allah ya yafe mini.)

Ta ce a hankali, "Ɗana, wanga ba ni iya hwaɗin shi."

Na karɓi takardar. A jerin ma'aikata, kamar kowace matar aure a takardun aiki, an rubuta ta Madam Laminu Rabi, sunan miji a gaba. Na'ura ta tsallake Madam, ta ɗauki Laminu. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu ba ta kama sunan mijinta ba, ko a bayan idonsa sai dai ta ce Malam, ita na tsayar gaban jama'a ina matsa mata ta faɗa, ga shi ko wata biyar bai yi a kabari ba. Direkta ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na rufe taron ban san me na ce ba.

Bayan azahar na je teburinta, na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce yanzun nan zan canza. Ta karɓi takardar daga hannuna ta kalla, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Bar shi. Bakina bai taɓa hwaɗi ba, kuma ba ya hwaɗi. Amma in yatsuna za su rubuta shi kullum da sahe, ina so."

Har yau da shi take shiga. Ina jin ƙarar maɓallan guda shida daga teburina, a hankali take danna su, ni kuma kunya da tausayi su kama ni tare. Tun daga ranar, duk abin da na'ura ta ce ta gama, sai na zauna na karanta shi suna bayan suna, don ita ba ta san wanda ya rasu ba, ni na sani.