Yadda Na Mayar da Jakin Baba Raƙumi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsaya a gaban dangin matata, baki cike da yashi, hannu ɗaya riƙe da wando ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don har yau akwai masu ajiye da bidiyon a wayoyinsu.

Surukina, Baba Ari, tsohon malamin gona ne. Da ya yi ritaya sai ya koma gonarsa ta doya da ke can gaba da Assakio, a bakin wani rafi. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da lalacewa, ba ya iya tuƙa babur, ƙaramar mota kuwa ba ta shiga hanyar gonar. Ana nan sai ya yi sa'ar wani babur mai ƙafa huɗu a gwanjon kayan wani kamfanin noma da ya rufe. Gajere ne, mai faɗi, yana tafiya kamar kunkuru, kuma duk unguwar ba mai irinsa. Baba yana kiransa Jaki. Da shi yake zagaya kunyoyinsa, da shi yake zuwa masallacin Juma'a, sandarsa a ɗaure a baya.

Ni kuwa taki da maganin feshi nake sayarwa a Lafia. A cikin surukan Baba, ni ne wanda ba a ba da labarinsa. Mijin yayar matata ya haƙa masa rijiyar burtsatse. Mijin ƙanwarta likita ne, shi ke duba gwiwar. Ni dai nawa in kawo burodi da lemo, in durƙusa in yi gaisuwa. (Ba wanda ya taɓa goranta mini, ni na riƙa goranta wa kaina.)

Wata rana na je gaishe shi na tarar ya dafe ƙugu.

"Jakin nan ya fara ba ni wuya," in ji shi. "Duk ramin da muka faɗa, a bayana nake jin sa."

Kafin ya rufe baki na ce, "Baba, a bar mini shi, zan sa a gyara."

Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya yi albarka. Sai dai ka dawo mini da shi kafin cin doya."

Cin doya wata 'yar liyafa ce da yake haɗa wa iyalinsa duk shekara a gona bayan an gama haƙa. A yanka akuya, a daka sakwara, 'ya'ya da jikoki da surukai kowa ya hallara.

Matsalar Jaki ba wata babba ba ce. Shokozobansa ne suka mutu, ƙarafunan nan masu sifirin da ke shanye gargadar hanya. Da na nemo irinsu an ɗaura, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma sai na ɗauki waya don in ga yadda suke kama, waya kuwa ta kai ni inda ban aike ta ba. Sai ga wasu samari a hamadar Dubai a kan babura irin na Baba sak, suna hawa tudun rairayi, suna tashi sama, suna dira a hankali kamar a kan katifa. Na kalli ɗaya, na kalli na biyu. Kafin mako ya zagayo na zama masani. Na gane cewa sirrin yana ga dogayen shokozoba masu laushi, da ɗaga cikin babur daga ƙasa, da rage iskar taya don ta baje a kan yashi. Na ce a raina, abin da ya shanye tudun hamada ai ramin hanyar Assakio wasa ne a wurinsa. (Cewa babu hamada ko ɗaya a jihar Nasarawa bai dame ni ba ko kaɗan.)

Na kai Jaki wurin Anzaku, abokina tun firamare, bakanike mai gyaran babur da keke. Na so a ce ya kwaɓe ni. Ina! Da na nuna masa bidiyon sai ya ajiye sifana, ya goge hannu, ya karɓe wayar.

"Oga, wannan ƙaramin abu ne," ya ce. "No wahala. Mashin ɗin nan za ta tashi sama fiye da na Dubai. Ka bar ni da shi."

Haka mutum biyu masu furfura a gemu muka zama yara. Muka zaga wurin 'yan kayan gwanjo har muka samo wasu dogayen shokozoba da aka ciro daga wani ƙaton babur na tsere. Ba su shiga mazauninsu ba, don haka Anzaku ya yanke kunnuwan ƙarfen da ke riƙe da na asali, ya walda sababbi. Tsofaffin kuwa ya jefa wa 'yan gwangwan a gabana, ban hana shi ba. Da aka gama, Jaki ya miƙe tsaye. Kujerar da a da take daidai cinyata ta dawo sama da cibiyata, in ka dafa shi sai ya yi ta rausaya. Na gwada shi a kan kwalta a ƙofar gareji, na ji kamar ina kan ruwa.

Da matata Halima ta gan shi a tsakar gida, sai ta riƙe haɓa.

"Abban Hanifa, wannan Jakin Baba ne ko raƙumi?"

Na ɗauka yabo ne.

"Amma gwiwarsa fa..." ta fara.

"Ke dai ki bari ki gani," na katse ta. Ta bari kuwa.

Ranar cin doya na ɗauko Jaki a bayan a-kori-kura, lulluɓe da tamfol. Rani ya yi nisa, rafin ya janye ya bar fili fari fat, masu tifa sun tara yashi tsibi-tsibi a bakin gaɓa. Ina ganin tsibin nan zuciyata ta yi tsalle. An shimfiɗa tabarmi a inuwar mangwaro, mata na daka, Baba na zaune a tsakiyar surukansa. Na sa aka sauke kayana a gabansa, na yaye tamfol da hannuna kamar mai buɗe sabon asibiti.

Kowa ya zuba ido. Har taɓarya ta tsaya.

Baba ya tashi da sandarsa ya zagaya Jaki a hankali. Ya ce, "Ya yi tsawo." Ya jingine sandar, ya kama hannun babur, ya dogara a kan gwiwar hagu don ya ɗaga ta dama. Gwiwar ta ƙi. Ya zagaya ɗaya gefen ya gwada ɗaga ta hagun, ba ta ko kai matakin ba. Ya sake yunƙurawa, Jaki ya rausaya ya kusa kayar da shi. Likita ya taso da sauri.

"Baba, bari mu ɗaga ka."

"A'a."

Wata daga cikin matan ta mirgino turmi don ya taka. Baba ya dubi turmin, ya dubi jikokinsa da suka zuba masa ido, ya ce, "Ni da nake hawa abina ba wanda ya sani, yau kuma sai da turmi?" Ya ɗauki sandarsa ya koma tabarma.

A nan ne mai hankali zai durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce gobe-gobe za a mayar da shi yadda yake. Ni kuwa kunya ta hau mini kai, ta fito ta baki. Na kama bayani a kan hamada, da iskar taya, da yadda ake yi a ƙasashen waje. Na ga Halima tana yi mini alama da ido, na kawar da kai. Na ce, "Baba, ba ka ga abin da yake iya yi ba ne. Bari in nuna maka."

Na tattare jamfata na haye. Tsibin farko ƙarami ne, na hau shi na sauka lafiya lau, kuma gaskiya Jaki ya shanye shi kamar ba a yi ba. Yara suka yi ihu, wata ƙanwar Halima ta rangaɗa guɗa, wayoyi suka fito. Kaina ya kumbura. Na juya na fuskanci babban tsibin, wanda ya kai tsayin ɗaki, na murɗa wuta.

Tudun da na gani a bidiyo yana da gangara ta gaba, yana da ta baya. Wannan kuwa masu tifa sun kwana biyu suna ɗiba ta bayansa da shebur, sun yanke shi ya zama kamar bango. Ban zagaya na duba ba. Ina isa ƙoli sai na ga babu komai a gabana sai sararin Allah da ruwan rafi yana ƙyalli a ƙasa.

Mun tashi sama, wannan kam Anzaku bai yi ƙarya ba. Saukar ce ba ta yi kama da katifa ba. Jaki ya dira da ƙafafun gaba, dogayen sifirin nan suka lotsa, sannan suka miƙe suka cilla ni ta saman kansa. Jamfa ta rufe mini fuska, na kifa a jiƙaƙƙen yashi da baki buɗe (ina cikin salati ne), na ji tazugen wandona ya tsinke. Jaki ya yi tsalle shi kaɗai, ya kwanta a gefe, ya gangara cikin ruwa. Waldar Anzaku ta balle, tayar gaba ta lanƙwashe ciki kamar karyayyar ƙafa.

Na miƙe riƙe da wando. Mutumin farko da idona ya faɗa kansa ita ce Inna, mahaifiyar Halima, wadda tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Har yau ban san ko kuka take ko dariya ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Baba. Ya taso da kansa, ya ratso yashin nan da sandarsa tana nutsewa, ya hana kowa ya riƙe shi. Ya daɗe kafin ya iso.

"Ka ji ciwo?"

"A'a, Baba." Yashi na ƙaras-ƙaras a haƙorana.

"To, alhamdu lillahi." Ya juya ya kalli Jaki a cikin ruwa, ya yi ta kallo. Can ya ce, "A fitar da shi kada injin ya sha ruwa. Ku zo a ci abinci, sakwara na hucewa."

Na ci sakwarar nan da igiyar akuya ɗaure a ƙuguna.

Na ɗauka gyaran na 'yan kwanaki ne. Ashe babu kayan Jaki a Lafia, babu a Makurdi. Muka aika Onitsha, aka turo waɗanda ba su ba. Muka sake aikawa. Ana cikin haka ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka kafa wa doya sanduna, duk Baba na gida yana jin labarin gonarsa a bakin 'yan ƙwadago. In zai je masallaci sai an nemo mai keke-napep. Zaman nan ya sandarar da gwiwar. Lokacin da na dawo da Jaki a tsayinsa na asali, da shokozoba irin nasa, likita ya riga ya ce hawa ya ƙare.

Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, wanda da ya yi da na fi samun sauƙi. Sau ɗaya ne, ina tuƙa shi a motata zuwa gona (ni nake kai shi yanzu, iyakar inda mota ke tsayawa), ya ce yana kallon waje, "Ka san abin da na fi kewa? Ba gonar ba ce. Fita ce ba tare da na roƙi kowa ba." Na rage gudu don kada ramin da ke gabanmu ya jijjiga shi.

Tun daga nan, in aka ba ni gyaran abin wani, sai na fara tambayar ƙafar wa za ta hau. Kuma ga duk mai niyyar hawa tudu a gaban surukansa, shawarata ita ce ya fara zagayawa ya ga bayan tudun, sannan ya sa wa wandonsa bel.