Yaya Babba Ya Raka Haƙori Asibiti

Danginmu sun yi dace da Yaya Babba. Bai taɓa karatun likita ba, amma ya daɗe yana sayar da cazar waya a ƙofar wani asibiti, kuma ilimi, in ji shi, ta iska yake shiga mutum. A bayan idonsa Babban Likita ake ce masa. Da labari ya kai masa, sai ya sayi tabarau.

To, matar ƙaninsa na da ciki wata biyar haƙorinta ya kama ciwo. Kumatu ya kumbura, ruwan shayi ma da hawaye take sha. A wajen awo aka ce ta je ta ga likitan haƙori. Yaya Babba ya ji, ya tara gida a falo.

"Ban amince ba. Kowane haƙori na mai ciki akwai jijiyar da ta haɗa shi da cibiyar jariri. A taɓa nan, can ya girgiza. Ta daure, saura wata huɗu kacal."

"Yaya, ni ce fa ba na iya cin abinci," ta ce, hannu a kumatu.

"Shi ya sa ake neman masani, ƙanwata. Mai ciwo ba ya ganin gaba."

Da ta dage, ya ce zai raka ta, ya wayar wa likitan kai. Ya shiga ɗakin da babbar riga, ya zayyana batun jijiya har da nuni da biro. Likitan ya saurara da ladabi, ya tambayi watannin cikin, ya ce allurar kashe zafi ba ta cutar da jariri, barin ruɓa a bakin uwa shi ne abin tsoro.

"Daidai abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Yaya Babba. "Ci gaba, ina nan ina duba aikinka."

Ya gyara tsayuwa, ya leƙa. Likita ya ɗago allura, siririya, tana sheƙi a hasken fitila. Babban Likita ya ce ɗakin ya cika zafi, ya nemi bango, bango ya yi masa nisa, sai ga shi a ƙasa sumamme.

Aka cike haƙorin lafiya lau, aka sallami mai ciki nan take. Shi kuwa aka ce ya ɗan ƙara kwanciya, kuma kada ya tafi gida shi kaɗai. Ita ta riƙo hannunsa har bakin titi, tana cewa, "A hankali, Yaya, akwai matakala."