Injiniya da Layin Daddawa

Allah Ya yi wa Kaura Namoda baiwa biyu: tashar jirgin ƙasa da Injiniya Armiya'u. Jirgi kan yi shekaru bai leƙo ba, Injiniya kuwa kullum yana nan.

Ko kwalbati bai taɓa ginawa ba. Amma tun da ya gano taswirar nan ta waya da kowa ke iya gyarawa, ya naɗa kansa Sarkin Hanyoyi. A majalisa Tauraron Ɗan'adam ake ce masa, yana amsawa da fara'a.

Layin gidansa suna biyu gare shi. A allon hukuma, wanda tsatsa ta ci rabinsa, Titin Haɗin Kai ne. A bakin jama'a Layin Daddawa ne, albarkacin matan da ke dafa kalwa a can tun ba a haife shi ba. Taswirar ta tanadi gurbi ga kowane suna. Injiniya ya goge na jama'a.

"Duniya na kallonmu," in ji shi. "So kuke mutum ya buɗe waya a Turai ya ji wari?"

Imrana, wani malamin makaranta a Zurmi, ya mayar da sunan sau bakwai, yana bayanin cewa shi direbobi suka sani. Injiniya ya goge sau takwas. Imrana ya haƙura. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Sai Injiniya ya shirya walima don shugaban kwamitin raɗa wa tituna suna, da fatan kujerar sakatare. Daga Shinkafi ya sa a kawo abincin, a motar wani direba, Dominic.

Abin da ya manta, Titin Haɗin Kai uku ne a garin, don kowane ciyaman sai da ya haɗa kan nasa. Waya ta kai Dominic na farko, ta kai shi na biyu. La'asar ta yi, shugaba yana duban agogo, yana hamma.

Dominic ya kira. Injiniya ya juya wa baƙi baya, ya yi raɗa.

"Oga, ban ji ba."

"Na ce Layin Daddawa!"

Baƙi duka suka juyo. Minti huɗu motar ta iso, ta yi kiciɓis da ta shugaba tana fita.

Kafin magariba sunan ya dawo kan taswira. Imrana ya duba wanda ya mayar, ya ga Sarkin Hanyoyi ne.