Abin da Kyamarar Bayan Tanki Ta Ɗauka

Ko da zan tsufa har in riƙa kiran jikokina da sunayen juna, ba na jin wannan Asabar ɗin za ta fita daga kaina. Ranar ce na ga kaina sau goma sha ɗaya a lokaci guda a Sabon Gari, kowacce tana rungume da tankin ruwa. Yau shekara biyu ke nan, amma in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, rabi kunya rabi haushi. Haushin ma ya fi yawa.

Bari in fara da gidan, don shi ya ja min. Ina aji uku a jami'a lokacin, muna haya a Samaru ni da ƙawata Rifkatu, ɗaki ɗaya. Da muka shiga gidan akwai tsakar gida mai faɗi da bishiyar mangwaro, a ƙarƙashinta nake zama in yi rubutu. Muka tafi dogon hutu muka dawo, babu mangwaro, babu tsakar gida. Alhaji mai gidan ya sare bishiyar ya jera ɗakuna shida a wurin, ya bar mana wata siririyar hanya wadda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Tagarmu ta koma kallon tagar wasu. In na yi atishawa, daga ɗaki na huɗu ake yi min addu'a.

Ni kuma Allah ya yi ni da wata lalura: ina rubuta waƙa, kuma ba na gane baiti ya zauna sai na faɗe shi da murya. A ɗaki ba dama. Da na fara sai Rifkatu ta ɗago daga littafinta ta ce, “Ƙawata, don Allah kai tsuntsayen nan naki waje, jarabawa gare ni.” To wajen ina? Ƙofar gida shaguna ne da 'yan keke, ko'ina ido. Sai na gano wani lungu can bayan sababbin ɗakunan, tsakanin katanga da babban tankin ruwa, inda aka ajiye injin jan ruwa cikin kejin ƙarfe. Rana ba ta leƙa wurin sai na ɗan lokaci, mutane ma ba sa leƙawa. Na ce alhamdulillahi, na samu ɗakin karatu.

Yanzu sai abin da ban so faɗa ba. Akwai wani Malam Sagir a ɗakin ƙurya, ɗalibin likitancin dabbobi a ajin ƙarshe, shi 'yan haya suka zaɓa ya riƙa magana da Alhaji a madadinmu. Tsakanina da shi “ina kwana” ne da “lafiya lau”, ko kalma ɗaya ba mu taɓa ƙarawa ba. Amma yana da wani takalmin fata mai ƙwas-ƙwas, kuma tunda hanya ɗaya ce a gidan, dole kullum da safe ya bi ta ƙofarmu. Na haddace takunsa kamar karatun allo. A kan takun nan kaɗai na rubuta waƙa bakwai. Babu wanda ya sani, har Rifkatu, kuma na ƙudurta haka zan gama makaranta in tafi da abina. A lungu kuwa tankin ne ke tsaya min a matsayinsa. (Baƙi ne, dogo ne, ba ya magana. Kamanni uku ke nan, kada ku yi min dariya tukuna.)

Wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, aka ɓalle kejin aka ɗauke injin. Washegari da safe Alhaji ya tara mu a siririyar hanyar, muka jeru kamar masu layin awo.

“Kowa ya kwantar da hankalinsa,” in ji shi. “Ɓarawo yana hannu. Akwai kyamara.”

Wani ya ce, “Kyamara a ina, Baba?”

“A bayan tanki, saman katanga. Wata biyu ke nan da na sa. Jiya Injiniyan da ya saka ta ya zo ya zare katin da ke cikinta ya duba. Ya ce mutum ɗaya ne ke zuwa wurin kullum. Mace ce, mai hijabi ruwan toka.”

Hijabin yana jikina.

Wata biyu. Ba a faɗa mana ba, ba a manna ko 'yar takarda ba. Ashe duk lokacin da nake ganin daga ni sai Allah, akwai wani ido kamar ƙwan zabo a saman kaina, ni kuma ban taɓa ɗaga kai ba, don masu waƙa irina ƙasa muke kallo.

“'Yata, shirya mu je shagon Injiniya,” in ji Alhaji. “Malam Sagir, kai ne shugabansu, zo ka zama shaida.”

Rifkatu ta ce ƙafarta ƙafata. Muka shiga keke, Alhaji a gaba kusa da direba, mu uku a baya, Rifkatu a tsakiya. Daga Samaru har Kwangila har muka shiga Sabon Gari ina ta roƙon Allah ya sa a ɗauke wuta a Zariya gaba ɗaya. (Ranar ce kaɗai a rayuwata da na roƙi haka, ranar ce kuma wutar ta ƙi tafiya.)

Injiniya Sunday ba kyamara kaɗai yake sakawa ba, talabijin yake sayarwa. Shagonsa a bakin titi yake, a buɗe, ya jera talabijin goma sha ɗaya a bango, duk ya haɗa su da waya ɗaya don mai saye ya gwada hasken wannan da na wancan. A nan ya jona katin.

“Alhaji, wannan kyamara tana da wayo,” in ji shi. “Ba ta ɗauka sai ta ga motsi. Shi ya sa babu ɓata lokaci.”

Babu ɓata lokaci kuwa. Hoto na farko, ni. Na biyu, ni. Na uku wani ƙadangare, na huɗu ni. Babu sauti, sai motsi. Ga ni ina leƙa hagu da dama, ina shiga lungu da sanɗa. Ga ni da waya a hannu, bakina yana motsi. Ga ni ina miƙa hannu wajen injin. Ga ni ina taku daga katanga zuwa tanki, ina ƙirga da yatsu.

Alhaji ya buga cinya. “Ka gani ko, Malam Sagir? Tana auna wurin. Ga ta tana ƙirga kusoshin keji. Ga ta tana gaya musu ta waya.”

Gaɓoɓin baiti nake ƙirgawa. A wayar nake karanta abin da na rubuta. Hannun kuwa ɗakin ƙurya nake nunawa, injin ne ya shiga tsakani. Amma wallahi ni kaina da na kalli yarinyar nan sau goma sha ɗaya, ban yarda da ita ba.

Kafin nan mutane sun taru a bakin shago: mai rake da baronsa, wasu mata da suka fito cefane, 'yan keke biyu da suka kashe injin don su kalla da kyau. Wata mata ta ce, “Oh ni 'yasu, da hijabinta har ƙasa.” Alhaji ya fara maganar ofishin 'yan sanda, ya ce in ba shi lambar mahaifina. Mahaifina malamin makaranta ne mai ritaya, wanda bai taɓa ɗaukar ko allin gwamnati ya kai gida ba. Na hango shi riƙe da waya ana gaya masa 'yarsa ta haɗa baki da ɓarayin inji.

Sai Injiniya Sunday ya ce, kamar wanda ya tuna ya bar shayi a wuta, “Af, akwai sauti fa. Ni ne ban kunna ba.”

Na dubi Malam Sagir, yana tsaye ya harɗe hannu yana kallon ƙasa. Na dubi Alhaji. Rifkatu ta matso ta raɗa min, “Ƙawata, ban san me kike faɗa a wurin nan ba, amma gara a ce mahaukaciya da a ce ɓarauniya.”

Na ce, “A kunna.”

Da wata ƙatuwar sifika ya haɗa, irin ta gidan biki. Muryata ta fito har tsallaken titi, a hankali, da jan numfashi:

“Takunka, Sagiru, in ka taho,
Ruwan fari ne bisa kwano.
Ka wuce ƙofata ba waiwaye,
Ka bar ni da aikin tuno.”

Mai rake ya ce, “Wane ne Sagiru?” Alhaji, Allah ya saka min, ya nuna shi da yatsa.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai ga yarinyar cikin talabijin ta gyara tsayuwa, ta ƙara wa muryarta kauri, ta amsa wa kanta: “Malama, ai ni ma na daɗe ina son in tsaya, kunya ce ta hana ni.” Ta rufe fuska da hijabi, ta ce, “Kai Malam, ka bari mana.” Sannan ta buɗe hannu ta rungume tanki. Sau goma sha ɗaya, daga ƙaramar talabijin ta kanti har babba ta falo.

Dariyar da aka yi, ina jin har Hanwa an ji ta. Rifkatu, ƙawar arziki, ta yi ƙoƙari ta riƙe tata har hawaye suka zubo mata. Alhaji ya fi kowa, har da cire hula. Bai san hoto na gaba nasa ne ba:

“Alhaji ya sare mangwaro,
Ya shuka ɗakuna a gurbinsa.
Da inuwa tana da ƙofa,
Da ya ba da hayar tasa.”

Ya mayar da hularsa. “Injiniya, bar wannan shirmen, kai mu ranar Juma'a.”

Aka kai mu Juma'a. Ga ni tun ƙarfe goma ina fama da wani baiti da ya ƙi zama, har sha biyu ta gota. Daga nan sai duhu. Babu ɓarawo, babu komai.

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya ce kyamarar da hasken rana take caji, lungun kuma ba ya samun rana saboda sababbin ɗakunan, ga shi an tsaya mata a gaba awa biyu tana ɗauka, batir ya mutu kafin a tafi masallaci.

Alhaji ya juyo ya dube ni. “Wato waƙarki ce ta cinye min batir.”

A nan ne haushi ya ture kunya. Ni da ko ciniki ba na iya ɗaga murya, na ji kaina ina cewa, “Baba, kun sare mana bishiya, kun toshe mana iska, kun bar mana lungu ɗaya tak da mutum zai tsaya shi kaɗai, shi ma kun sa masa ido da kunne ba ku faɗa wa kowa ba. Wata biyu kuna ɗaukar muryata. Yau kun baje ni a kasuwa, kun kira ni ɓarauniya, kuma ni ce da laifin batir?”

Ƙarshen maganar ma kuka ne ya cinye shi, amma na faɗa.

“Gidana ne ko gidanki?” in ji shi. “Mai gaskiya ba ya tsoron kyamara.”

(Amsar ta zo min bayan kwana uku ina wanke-wanke: Baba, mai gaskiya ma yana rufe ƙofar banɗaki. Na faɗa wa tukunya.)

Malam Sagir ne ya matsa ya zare wayar daga bango, talabijin duka suka mutu. Ya juya wajen wata yarinya da ke ɗaukar abin a wayarta, ya ce, “Ƙanwata, don Allah goge.” Ya tsaya a kanta har ta goge. Ya karɓi katin daga hannun Injiniya ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. A hanyarmu ta komawa Samaru Rifkatu ta ce, “Amma baitin kwanon nan ya yi daɗi,” na taka mata ƙafa.

Ba a kira mahaifina ba, ba a ga injin ba, Alhaji bai ba ni haƙuri ba. Bayan mako guda dai ya sa an rubuta da jan fenti a bangon lungun cewa akwai kyamara. Sunana a gidan ya koma Amaryar Tanki, har na gama makaranta.

Amma abin da ya fi ci min rai ba wannan ba ne. Washegarin ranar na farka da wuri kamar kullum, na kasa kunne. Ƙarfe bakwai ta yi, ta wuce, babu ƙwas-ƙwas. Na ɗaga labule kaɗan. Ga Malam Sagir yana wuce ƙofarmu a hankali da safa kawai, takalmansa a hannu. Haka ya riƙa yi har ya bar gidan. Na san don kada ya ba ni kunya ne. Sai dai abu ɗaya da nake da shi a wannan matsattsen gida, wanda ba na haya ba ne kuma ban roƙi kowa ba, shi ma kyamarar Alhaji ta ɗauke.

Katin yana nan cikin akwatina, ban taɓa kalla ba, na kasa yarwa. Har yanzu ina faɗin baiti da murya, don lalurar ba ta warke ba. Amma duk inda zan buɗe baki, ko a tsakiyar gonar dawa ne, sai na fara ɗaga kai na duba sama.