Takalman da Na Ɗinka wa Duna

Ni baduku ne a kasuwar Rano, kuma har gobe ban yarda wani ya fi ni iya takalmi ba. Wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro ni.

Kawuna na Zurgu yana da kare, Duna, mai gadin tumakinsa. Babur ya buge shi, ƙafafun baya suka shanye, amma bai ajiye aiki ba. Da jan gindi yake zagaya garke, har ƙafafun suka yi gyambo, ga shi yana gaigayar su. Kullum Kawu sai ya wanke su da ruwan gishiri, ya naɗe da tsumma, ya shafa ruwan darbejiya don ɗaci ya hana shi tauna. Ban taɓa ganin haƙuri irin nasu ba.

Ni kuwa na ce wahala ta ƙare. Na ɗinko takalman fatar akuya, na mulke su da kitse don su yi laushi.

Kawu ya shinshina, ya ce, "Ɗan nan, kitse?"

Na ce, "Kawu, sana'ata ce fa."

Muka saka wa Duna, muka tafi sallar la'asar. Muna dawowa muka tarar ya cinye su tas, har igiyar, yana kaɗa mini bindi. Allah ya taimake ni bai haɗa da ƙafar ba.

Har yau in na shiga gidan, sai Kawu ya ɗaga murya: "Duna, ga mai girkinka ya iso! Yau me aka dafa mana, silifa ko sau-ciki?"