Kiyateka Yari da Falon Hajiya

Duk Tudun Wadar Gusau ba a yi mutum mai girma kamar Malam Yari ba, shi ma ya sani. Turawa ma sai da suka ware masa suna, kiyateka. A wurin kowa kiyateka mai kula da gidan wani ne, ya share, ya gyara famfo, ya rufe ƙofa. A wurin Yari kuwa sarauta ce.

"Kiyateka," in ji shi a majalisa, "shi ne wanda gida ke hannunai. Mai gida suna gare shi kawai."

'Yan haya suna ce masa Gwamnan Get, shi kuma ya ɗauka yabo ne, har ɗaga musu hannu yake yi. Mai gidan, Hajiya Sa'adatu, tana zaune a Tsafe, ta kulle sashenta ta bar masa makulli don ya riƙa sharewa.

Ana nan sai son Rukayya ya kama shi, wata bazawara tela a Bungudu. Ita sharaɗinta ɗaya, ba ta zaman haya. Gogan ya yi dariya, ya ce shi da ake haya a hannunsa? Da gwaggonninta suka zo ganin ɗaki, ya buɗe musu falon Hajiya, ya kunna fanka, ya harɗe yana ba su haƙuri wai wurin ya yi kaɗan. Suka auna labule suka tafi suna sa albarka.

Ana gobe ɗaurin aure mata suka cika gidan da guɗa, suna jere. An kafa gado, ana buga ƙusa a bango, sai ga Hajiya ta sauko daga mota, ta zo ganin likita. Ta tsaya ta ga kujerunta a tsakar gida. Ta tambaya, aka ce ai ɗakin amaryar mai gida ne, ta ɗan matsa kada ta tare hanya.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, wallahi gara ma ta yi. Ta sa aka kira Yari, ta ce ya nuna wa baƙi ɗakinsa. Ya ja ƙafa ya kai su wani ɗan lungu kusa da janareta, ko katifar ba ta shiga.

Gwaggonni suka kwance gado, suka mayar da kaya a mota. Direba ya tayar, babbar cikinsu ta leƙo ta taga.

"Malam Kiyateka, zo ka buɗe muna get."